Kafin Ka Hana Ta Shan Ɗaci, Ka San Mene Ne Zaƙi

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya san cewa maganar ciki da haihuwa ba a yin ta gatsau. A gaban manya ba a cewa wance tana da ciki, sai dai a ce tana da juna biyu, ko kuwa ta yi nauyi. Idan naƙuda ta kama ta sai a ce tana kan gwiwa, idan ta haihu kuma a ce ta sauka, ko an sami ƙaruwa. Mu ɗaliban harshe mun saba kawo waɗannan kalmomi a aji a matsayin misalan sakaya zance, mu ci makinmu mu wuce. Abin da nake so in jawo hankalin mai karatu a kansa shi ne, waɗannan kalmomi da al'adun da ke ƙarƙashinsu suna da hannu wajen tantance macen da za ta sauka lafiya da wadda za a yi wa sutura.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2023 mata kusan 75,000 ne suka rasu a Nijeriya ta dalilin ciki ko haihuwa, wato fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na irin wannan mutuwa a duniya baki ɗaya. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa da aka yi a 2018 kuma ya nuna cewa kashi 39 cikin 100 na haihuwa ne kawai aka yi a asibiti. Sauran duk a ɗaka aka yi su, a hannun iyaye da surukai da ungozomomi. Ra'ayina a wannan maƙala shi ne, ma'aikacin lafiyar da bai san abin da mace take nufi da kalmominta ba, ba zai taɓa raba ta da al'adar da ke cutar da ita ba, kuma cike wannan giɓi aikin masu nazarin harshe ne.

Inda Na Ga Abin

A wani dogon hutu na shekarar 2023 na shiga ayarin 'yan sa kai masu bin gida-gida a garin Keffi. Mun zaga Tudun Ƙofa da Gangaren Tudu da Liman Abaji, muka kuma leƙa wasu rugagen Fulani da ke bayan gari. Aikinmu shi ne tuna wa masu ciki zuwa awo, da duba katin rigakafin yara, da bayanin amfanin kwana a gidan sauro. Malamar jinyar da ke jagorantarmu ƙwararriya ce, mai haƙuri, amma ba Bahaushiya ba ce, saboda haka tafinta ya faɗo a kaina.

Keffi gari ne na taron dangi. Ban da Hausawa da Fulani, akwai Gwandara da Gade da Afo da Mada da Eggon da sauransu, kuma Hausa ce ta haɗa kowa a kasuwa da tasha. Sai dai Hausar da ake cinikin doya da ita daban, wadda ake magana da ita a ɗakin maijego daban. Mutum zai iya shekara ashirin yana jin ta farko bai taɓa cin karo da ta biyu ba. Bugu da ƙari, Keffi ba ƙauyen ƙayau ba ne. Akwai Asibitin Tarayya, akwai ƙananan asibitocin unguwa, ga Abuja a kusa. Ashe ke nan idan mace a tsakiyar wannan gari ta zaɓi haihuwa a gida, nisan hanya kaɗai bai isa ya zama dalili ba.

Zaƙi

Kalmar da ta fara ba mu aiki ita ce zaƙi. Mata da yawa da cikinsu ya tsufa sun gaya mana cewa suna shan jiƙe-jiƙen maganin zaƙi. Da malamar ta ji haka sai ta ɗauka ciwon suga suke nufi, ta fara shirin tura su gwajin jini. Ita kuwa Bahaushiya wani abu take nufi daban. Wata tsohuwar ungozoma ce ta warware mana zancen a tsakar gidanta.

Na ce mata, "Iya, ku yi mana bayanin zaƙin nan yadda malama za ta gane."

Ta ce, "Ke 'yar nan, ai zaƙi shi ne abin da ke taruwa a marar mai ciki in ta cika shan kayan daɗi. Shi ke tare wa yaro hanya. In bai zuba ba, sai mace ta kwana biyu a kan gwiwa. Shi ya sa muke ba su ɗaci tun wata bakwai."

Mai karatu ya lura da abin da ke cikin wannan magana. Tsohuwar nan doguwar naƙuda take tsoro, kuma tana da gaskiya ta ji tsoronta, domin ta ga matan da ta kashe da waɗanda ta bari da yoyon fitsari. Inda aka rabu da likita shi ne wajen sanadi. Likita ya san cewa abin da ya fi kawo ta shi ne ƙugun uwa ya yi wa kan jariri kaɗan, musamman ga yarinyar da ba ta gama girma ba, ko kuwa jaririn ya zo a gicciye, kuma babu saiwar da za ta buɗe ƙashi. Idan aka ce wa irin wannan tsohuwa "babu wani abu wai shi zaƙi", za ta yi murmushi ta raka baƙi ƙofa, ta koma ta jiƙa saiwarta. Malamar ta bi wata hanya. Ta sa na gaya mata cewa mu ma abin da take gudu shi muke gudu, cewa a wurin awo ana iya gane yaron da ya kwanta ba daidai ba tun kafin ranar, kuma duk naƙudar da rana ta fito ta faɗi a kanta ba ta gida ba ce. Wannan ma'auni na rana tsohuwar ta karɓe shi nan take, don da shi take lissafin komai nata.

Irin wannan tsoro ne ya sa wasu matan suke ɓoye ƙwayoyin ƙarin jini da aka ba su a asibiti a ƙarƙashin katifa. Sun ji an ce suna sa yaro ya yi ƙato a ciki. Alhali kuwa zubar jini bayan haihuwa yana cikin manyan abubuwan da ke kashe mata, kuma wadda ta shiga naƙuda da ƙarancin jini ita ce ta fi saurin tafiya.

Ba Mu Kaɗai Ba Ne

Kada wani ya zaci wannan tunani na Bahaushe ne shi kaɗai. Masai, makiyayan nan na Kenya da Tanzaniya, sun shahara da wata al'ada mai kama da tamu. Idan cikin mace ya tsufa akan rage mata abinci, a hana ta madara da nama mai kitse, wani lokaci har a ba ta saiwoyi masu ɗaci don ta yi amai. Manufar ita ce kada ɗan ya yi girman da zai gagara fita. Da zarar ta sauka kuwa sai a yanka mata dabba, a ɗura mata romo da kitse don ta mayar da jikinta, kamar yadda mu ma ake yi wa maijego ƙauri.

Masana lafiya sun nuna cewa wannan horo da yunwa yana raunana uwa, yana kuma sa a haifi jariri maras nauyi. Amma wanda ya dubi rayuwar makiyayin da ke zaune nesa da asibitin da za a iya yi wa matarsa tiyata, zai gane cewa al'adar amsa ce ga wata tambaya ta gaskiya: yaya za a yi idan yaro ya ƙi fita? Bamasaye ya amsa da yunwa, Bahaushe ya amsa da ɗaci. Duk amsoshin biyu ba su magance matsalar ba, amma wanda zai kawo amsa ta uku dole ya fara nuna cewa ya ji tambayar.

Kunya

Kalma ta biyu ita ce kunya. A aji muna yabonta, kuma ta cancanci yabo. A ɗakin haihuwa kuwa tana da wata fuska. Yarinya mai cikin fari takan ɓoye cikinta wata huɗu ko biyar, ko uwarta ba ta gaya wa, balle ta je awo. Idan naƙuda ta zo, an riga an koya mata cewa raki abin gori ne har ga 'ya'yanta, saboda haka sai ta shige ɗaki ta cije, ba a sani ba sai abu ya yi nisa. Ita ungozomar gargajiya ma, a mafi yawan gidaje, ba a kiranta sai yaro ya faɗo, ta zo ta yanke cibiya, ta wanke jariri, ta binne mabiyiya. Idan kuma maigida ba ya nan, akan zauna jiran izininsa kafin a nemi mota.

Farfesa Kelsey Harrison, wanda ya bi diddigin haihuwa 22,774 a Zariya ya kuma buga sakamakon a 1985, ya nuna cewa mutuwa ta fi yawa nesa ba kusa ba a cikin matan da ba su taɓa zuwa awo ba, waɗanda ake kawowa asibiti a kan gaɓa. Shekaru arba'in ke nan, amma darasin bai tsufa ba.

To, shin sai a ce wa mata su daina kunya? Wanda ya faɗi haka ya ɓata bakinsa. Abin da na ga yana aiki shi ne a yi amfani da abin da al'adar kanta ta tanada. Bahaushe ya ce ranar wanka ba a ɓoye cibi, kuma na ga dattijuwar da ta yi shiru ta gyaɗa kai da aka kawo mata wannan karin magana a kan zuwa awo. Haka kuma al'adar goyon ciki, inda ake mayar da mai cikin fari gidan iyayenta, dama ce babba, domin yarinyar da ba za ta iya buɗe baki gaban surukarta ba tana iya yi wa yayarta ko gwaggonta raɗa. Maganar izini kuwa, mun riƙa roƙon magidanta su bayar da shi tun cikin yana ƙarami, a gaban iyayensu mata, su kuma ajiye kuɗin mota da lambar direba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai kuma abin da ya kamata asibitoci su ji. Mata da dama sun gaya mini cewa abin da ke hana su zuwa shi ne tsawa, da kwantar da mutum rigingine a gaban baƙin ido, alhali sun saba haihuwa a durƙushe, da kuma fargabar ba za a ba su mabiyiya su binne ba. Hukumar Lafiya ta Duniya da kanta, a shawarwarinta na 2018, ta ce a bar mai naƙuda ta zaɓi yanayin da ya fi mata sauƙi, kuma a bar ta da wani nata a kusa. A nan ungozoma da likitan zamani ba su saɓa ba.

Jego

Idan aka zo wankan jego sai muhawara ta yi zafi kamar ruwan kansa. Kowa ya san yadda ake yi: tafasasshen ruwa da ganyen darbejiya ko na tsamiya safe da yamma har kwana arba'in, ga kunun kanwa, a wasu wuraren ma har da kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wuta a ƙarƙashinsa, duk don a kori sanyi daga jikin maijego. A shekarun 1970 likitoci biyu a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, Davidson da Parry, sun lura da yawan matan da zuciyarsu ke kasawa bayan haihuwa a yankin Zariya, suna zuwa da kumburi da haki. Suka danganta abin da gishirin da ke cikin kanwa da kuma tsananin zafi. Wannan bayani ya daɗe ana koyar da shi.

Sai dai bincike bai tsaya nan ba. Farfesa Kamilu Karaye na Kano da abokan aikinsa sun tattara bayanan masu wannan ciwo daga asibitoci da dama na ƙasar nan, kuma a sakamakon da suka buga a 2020 ba su sami hujja mai ƙarfi da ke ɗora laifin a kan wankan zafi ko kunun kanwa ba. Abubuwan da suka fito fili su ne rama, da rashin karatu, da rashin sana'a, da hawan jini na lokacin ciki. Wani bincikensu na farko kuma ya nuna ƙarancin sinadarin seleniyam a jinin masu ciwon. Wannan ba izini ba ne na a ɗura wa mai hawan jini kanwa, ko a ƙona fatar maijego da sunan gata. Abin da yake koya mana shi ne a yi hattara da saurin yanke wa al'ada hukunci, domin wani lokaci talauci ne ya yi ɓarnar aka kama al'ada.

Kuma jego ba ruwan zafi ba ne kawai. Kwana arba'in ne da ake ɗauke wa mace daka da surfe da ɗiban ruwa, a ciyar da ita, a kewaye ta da 'yan'uwa, ba a barin ta ita kaɗai da tunani. Wanda ya ce a watsar da jego ɗungurungum ya zubar da wannan alheri duka. Abin da ya fi shi ne a sassauta zafin ruwan, a rage kanwa, a kuma koya wa mai yi mata wanka cewa kumburin ƙafa da haki da tari a kwance alamun asibiti ne.

Waɗanda Ba Su da Wurin Zama

Kada a fahimce ni da cewa kowace al'ada abar lallashi ce. Akwai waɗanda maganinsu a bar su. Yankan gishiri, inda ake sa aska a tsaga gaban mace wai don a buɗe hanya, yana jawo zubar jini, yana kuma cikin sanadin yoyon fitsari. Wanda ya san aikin da likitan nan ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, ya shafe shekaru yana yi a asibitin Babbar Ruga ta Katsina tun shekarun 1980, ya san dubban matan da doguwar naƙuda da aska suka raba da gidajensu. Haka nan matse dakashi a zubar wai ƙazanta ne, a ɗura wa jariri ruwa ko jiƙo, alhali wannan nono na farko shi ne rigakafinsa na farko. Haka yanke cibiya da tsohuwar reza, ko shafa mata toka ko man goge baki, wanda ke buɗe ƙofa ga cutar tetanus. Haka kuma ɗaukar jijjigar mai ciki a matsayin aikin iskoki, a tsaya hayaƙi da turare, alhali hawan jini ne ya kai maƙura.

Amma ko waɗannan ɗin ma, da harshe ake cire su. Matar da ta yi imani cewa dakashi dauɗa ne ba za ta bari ba don an nuna mata hoton allo. A wata ruga, tambaya ɗaya ce ta yi aikin: idan saniya ta haihu, ana hana ɗan maraƙi nonon farko? Matan suka yi dariya suka ce wanda ya yi haka ai ya kashe shi. Daga nan sauran bayanin bai yi wuya ba.

Aikin da Ke Gabanmu

Wani zai ce wannan aikin likitoci ne da malaman jinya, mu namu nahawu ne da adabi. Ni ban yarda ba. Likita ya san jiki, amma ba a koya masa bambancin zaƙi da suga ba, ko dalilin da ya sa mace za ta ce "ba komai" alhali zaninta ya jiƙe da jini. Mu aka koya wa ilimin ma'ana da walwalar harshe da fassara. Idan ba mu kai wannan ilimi inda ake mutuwa saboda rashinsa ba, wa zai kai?

Ina ba da shawara uku. Ta farko, masu neman batun kundin kammala digiri su dubi wannan fage. A zauna da ungozomomi da wanzamai a naɗi maganarsu, a tattara kalmomin ciki da naƙuda da jego da goyo, a bayyana abin da kowace take nufi a bakin masu ita. Tsofaffin nan suna ƙarewa, kuma kowace ta tafi da ƙamusunta take tafiya. A gari irin Keffi ya kamata a haɗa har da yadda Bagwandariya ko Bafulatana take faɗin abin da harshenta, da yadda take juya shi zuwa Hausa.

Ta biyu, a sa ido a kan fassarar saƙonnin lafiya. Da yawa daga takardun da ake mannawa a bango an ɗauko su ne daga Ingilishi kalma bayan kalma, har mai karatu ya rasa gane ko da shi ake. Duk saƙon da aka fassara, a karanta wa matan unguwa shi tukuna, a tambaye su abin da suka ji, kafin a kai shi gidan rediyo ko maɗaba'a.

Ta uku, ɗalibai mata da maza su ba da wani ɓangare na hutunsu ga irin wannan aiki na sa kai. Mata su shiga cikin gida, maza su tsaya a zaure da majalisa da ƙofar masallaci, domin izini da kuɗin mota a hannun maza suke.

Kammalawa

A taƙaice, al'adun ciki da haihuwa na Bahaushe sun kasu uku: akwai na riƙewa kamar goyon ciki da hutun jego, akwai na gyarawa kamar wankan zafi da kunya, akwai kuma na yarwa kamar yankan gishiri da zubar da dakashi. Ba mai iya wannan tankaɗe da rairaya sai wanda ya san harshen masu al'adar, ya kuma girmama su har suka yarda suka gaya masa dalilinsu. Mu da muke karatun Hausa a jami'a, a gidajen nan aka yanke mana cibiya, kuma iyayenmu da yayyenmu da ƙannenmu ne ke kan gwiwa. Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya raya abin da aka haifa, amin.